LOUIS ESSEN (1908-1997): MUTUMIN DA YA SAUYA MUDUN AWON LOKACI

Gabatarwa

Duk mai sauraren gidajen rediyon ƙasashen waje ya saba jin mai gabatarwa yana faɗin ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar. Mukan gyara agogonmu mu ci gaba da harkokinmu, ba tare da mun tambayi kanmu ina shi mai gabatarwar ya samo nasa lokacin ba. Wane agogo ne uban agoguna, wanda kowa ke gyara nasa da shi? Shi kuma da me ake gyara shi?

A kasuwa, idan mudun mai sayarwa ya bambanta da na mai saye, rigima ba ta da nisa. Shi ma lokaci yana da mudunsa, wato sakan, wanda wasu ke kira daƙiƙa. Tun fil azal da juyawar duniya ake yanka wannan mudu: a raba kwana ɗaya gida 86,400, kowane gida shi ne sakan ɗaya. Daga baya aka ajiye wannan tsari, a shekarar 1967 kuma aka mayar da awon sakan kan ƙwayar zarra. Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan sauyi wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Louis Essen.

Na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan mujalla tamu ne saboda dalilai biyu. Na farko, wayar salula da intanet da na'urar nuna hanya duk a kan aikinsa suke tsaye, amma sunansa bai kai ko'ina ba a wajenmu. Na biyu, rayuwarsa tana ɗauke da darasi ga duk mai neman ilmi, domin halin da ya ɗaukaka shi, wato ƙin yarda da magana sai ya auna da hannunsa, shi ne kuma ya kai shi ga tuntuɓe a ƙarshen aikinsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Louis Essen a birnin Nottingham da ke tsakiyar Ingila ranar 6 ga watan Satumba, 1908. A nan ya yi karatunsa har zuwa Kwalejin Jami'a ta Nottingham, inda ya karanta Fiziks. A wancan zamani kwalejin ba ta da ikon ba da digiri da sunanta, ɗalibanta jarrabawar Jami'ar Landan suke zaunawa. Ta haka ya sami digirinsa na farko a 1928, yana ɗan shekara 20. Daga baya jami'ar ta ba shi digirin dakta a 1941, da kuma babban digirin dakta na kimiyya a 1948.

A 1929 ya kama aiki a cibiyar awon kimiyya ta ƙasar Birtaniya, wadda aka fi sani da NPL, a unguwar Teddington da ke gefen Landan. Aikin wannan cibiya shi ne tsare ma'aunan ƙasa: mita, kilo, digirin zafi da sauransu. An haɗa shi da wani ƙwararre mai suna David Dye, wanda ke binciken hanyar auna yawan kaɗawar igiyoyin rediyo. Ba su daɗe tare ba, domin Dye ya rasu a 1932, sai nauyin aikin ya dawo kan matashin. Essen bai taɓa barin wannan cibiya ba har ya yi ritaya. Shekara 43 ya yi a wuri guda, yana bin tambaya guda.

Zafi da Sanyi, Abokan Gabar Agogo

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da agogo yake. Kowane agogo abu biyu ne a haɗe: wani abu mai kai da komo ba fashi, da kuma wani abu mai ƙirga kai da komon. A agogon bango na da, ƙarfen nan mai lilo shi ke kai da komo, haƙoran ciki kuma su ƙirga. Ingancin agogo ya dogara ne kacokan kan yadda mai kai da komon ke riƙe takunsa.

A nan ne zafi ke shigowa. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, ya kuma takure idan ya ji sanyi. Idan sandar lilon ta ƙara tsawo, sai lilon ya rage sauri, agogo ya yi latti. Sandar ƙarfe ta yau da kullum, ƙarin digiri 1 kacal na zafi yakan sa agogo ya yi asarar kusan rabin sakan a kwana. Saboda haka manyan agogunan dakunan duba taurari na farkon ƙarni na 20 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ake ajiye su, cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, da sanda ta wani gaurayen ƙarfe mai suna inba wanda ba ya miƙewa sosai.

A 1927 wani injiniya mai suna Warren Marrison ya ƙera agogon farko mai aiki da dutsen kwaz a Amurka. Wannan dutse yana da wata baiwa: idan aka sa masa lantarki sai ya riƙa makyarkyata da wani takamaiman sauri. Shi ne a cikin agogon hannu mai batir da muke ɗaurawa, inda ɗan ƙaramin yankinsa ke kaɗawa sau 32,768 a sakan. To sai dai shi ma kwaz bai tsira daga zafi da sanyi ba, kuma abin da aka riƙe shi da shi yana dagula masa kaɗawa.

Wannan ita ce matsalar da Essen ya shafe shekarun 1930 yana fama da ita. Dabarar da ya fito da ita ita ce ya yanka dutsen a siffar zobe, mai kaɗawa sau 100,000 a sakan. Ya zaɓi kauri da faɗin zoben ta yadda a wani takamaiman digiri na zafi, ɗan hawa ko saukar zafin ba zai taɓa kaɗawar ba. Sannan ya rataye zoben da zaren siliki a daidai wuraren da ba sa motsi idan yana kaɗawa, ya rufe shi a mazubin da babu iska, ya sa mazubin cikin akwatin da ake tsare zafinsa dare da rana. Zuwa 1938 aikin ya nuna, aka riƙa kiran na'urar zoben Essen. Dakunan duba taurari da dama, har da na Greenwich, sun yi amfani da irin wannan agogo.

Agogunan kwaz sun tono wani asiri. A tsakiyar shekarun 1930 wasu masana biyu a Jamus, Scheibe da Adelsberger, suka lura cewa agogunansu da juyawar duniya suna saɓawa gwargwadon yanayin shekara. Laifin kuwa ba na agogunan ba ne. Duniya ce ke ɗan ƙara sauri a wasu watanni, ta rage a wasu, saboda iskoki da motsin ruwa. Bugu da ƙari, janyewar teku da wata ke haddasawa tana rage mata gudu a hankali, har tsawon kwana yana ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na sakan a duk shekara 100. Ma'ana, mudun da ake awo da shi yana sauya girma. Shi kuma kwaz ba zai iya maye gurbin duniya ba, domin babu zobe biyu da ke kaɗawa daidai wa daida, kuma kowane zobe takunsa yana sauyawa idan ya tsufa.

Yaƙin Duniya da Gudun Haske

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai aka karkatar da Essen zuwa aikin rada, wato na'urar hango jiragen sama daga nesa. Rada tana aiki da igiyoyin rediyo masu gajeren zango ƙwarai, waɗanda tsawonsu bai wuce 'yan santimita ba. Aikinsa shi ne ƙera kayan auna waɗannan igiyoyi. Ɗaya daga cikinsu wani ƙoƙon ƙarfe ne rufaffe, wanda ke amsa amo idan igiyar da ta dace da girmansa ta shiga, kamar yadda bakin kwalba ke kuka idan an hura shi.

Bayan yaƙi ya ga cewa wannan ƙoƙo zai iya auna gudun haske, tunda haske da igiyar rediyo gudunsu ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. Girman ƙoƙon yana ba da tsawon zangon igiyar, agogon kwaz kuma yana ba da yawan kaɗawarta a sakan. Idan aka ninka wannan da wancan, gudun ya fito. Wahalar tana wajen awo, domin dole a san faɗin ƙoƙon da tsawonsa da ƙyar da jiɓin goshi, a zuƙe iskar cikinsa, a kuma tsare zafinsa kada ƙarfen ya miƙe ana tsakiyar aiki.

A 1946 shi da abokin aikinsa Gordon-Smith suka yi gwajin, suka sami kilomita 299,792 a sakan. Adadin da manyan masana suka amince da shi a lokacin shi ne 299,776, wanda aka samo daga gwaje-gwajen da aka yi da hasken fitila da madubai. Bambancin kilomita 16 ke nan, kuma a wannan fage ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa suka ɗauka Essen ne ya yi kure, ya sha suka daga waɗanda suka girme shi a fagen. Bai janye ba. Ya sake gwajin da ingantaccen ƙoƙo, a 1950 ya fitar da 299,792.5. Ana cikin haka sai sakamakon wasu masu awon ƙasa a Amurka da Suwidin ya zo kusa da nasa. A 1957 babban taron ƙungiyar masana rediyo ta duniya ya karɓi adadin. Wanda ake amfani da shi a yau shi ne 299,792.458, mai karatu sai ya duba ya ga wa ya fi kusa da gaskiya.

A ganina wannan nasara ce ta gina halinsa. Ya koyi cewa taron manya na iya haɗuwa a kan kuskure, kuma awo mai kyau ba ya jin kunyar kowa.

Agogon Ƙwayar Zarra

Tunanin a auna lokaci da ƙwayar zarra ya girmi Essen. Tun a ƙarni na 19 masana irin su Maxwell da Kelvin suka ambace shi. Hujjarsu ita ce ƙwayoyin zarra na sinadari ɗaya duk iri ɗaya ne, ba sa tsufa, ba sa lalacewa, wadda ke Landan ita ce ke Legas. A 1945 Isidor Rabi na Jami'ar Kolumbiya ya nuna hanyar da za a bi. A 1949 hukumar awo ta Amurka ta ƙera agogo mai aiki da iskar amoniya, amma bai fi kwaz mai kyau inganci ba. A daidai wannan lokaci Norman Ramsey na Jami'ar Harvard ya fito da wata dabara ta haska ƙwayoyin sau biyu a wurare biyu, wadda ke sa awon ya yi kaifi sosai.

Essen ya ziyarci Amurka a farkon shekarun 1950 ya ga waɗannan ayyuka da idonsa. Ya dawo da yaƙinin cewa zai iya, domin yana da abu biyu da aikin ke bukata: agogon kwaz mafi nagarta, da ƙwarewa kan gajerun igiyoyi da ya samu a lokacin yaƙi. Shi da Jack Parry suka duƙufa, a 1955 na'urarsu ta fara aiki.

Sinadarin da suka zaɓa shi ne siziyam, wani ƙarfe mai laushi da ke narkewa a digiri 28 da ɗoriya, wato a zafin bazararmu ruwa zai zama. Ga yadda abin yake a taƙaice. Ana ɗumama siziyam a ɗan ƙaramin murhu har ya yi tururi. Ƙwayoyinsa su fito ta wata 'yar kafa su bi dogon bututun da babu iska. Kowace ƙwaya tana cikin ɗaya daga hali biyu, maganaɗisu na farko kuma shi ke tantance su. Daga nan sai su ratsa igiyar rediyo wadda aka samo daga agogon kwaz. Idan yawan kaɗawar igiyar ya yi daidai da abin da ƙwayar ke so, sai ta juya daga wannan hali zuwa wancan. Maganaɗisu na biyu ya karkata waɗanda suka juya zuwa kan wata waya mai zafi, inda ake ƙirga su. Idan ƙirgar ta kai ƙololuwa, an dace. Idan ta ragu, kwaz ya kauce, sai a san da nawa ya kauce a gyara.

Ashe ke nan kwaz ne ke ci gaba da bugawa, ƙwayar zarra kuwa alƙali ce da ke tsare shi. Ingancin wannan na'ura ta farko ya kai kuskuren sakan 1 a shekara 300, abin da ya zarce duk wani agogo da aka taɓa yi, ya kuma zarce juyawar duniya kanta. Tana nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Landan.

Takaddama da Masana Taurari

Ƙera agogo daban, shawo kan duniya ta karɓe shi daban. Tsare lokaci gadon masana taurari ne tun zamanin da, kuma su ma sun san juyawar duniya ba ta da tabbas. Maganin da suka tanada shi ne a koma kan zagayen da duniya ke yi wa rana, a yanka sakan daga tsawon shekarar 1900. A taronsu na birnin Dublin a 1955, 'yan watanni bayan na'urar Essen ta fara aiki, suka goyi bayan wannan tsari, a 1960 kuma babban taron awo na duniya ya tabbatar da shi.

Essen ya ga aibin tsarin tun da wuri. Sakan ɗin masana taurari yana da tabbas a takarda, amma kafin a fitar da shi sai an shafe shekaru ana duban wata ana lissafi. Injiniyan rediyo da ke son auna tasharsa yau ba zai jira shekara uku ba. Nasa agogon kuwa cikin 'yan mintoci yake ba da amsa.

Maimakon a tsaya jayayya, sai aka yi abin da ya dace. Essen ya haɗa kai da William Markowitz na dakin duba taurari na rundunar ruwan Amurka da ke Washinton, wanda ya ƙera wata kyamara mai ɗaukar hoton wata tare da taurarin da ke bayansa. Markowitz yana auna sakan daga sama, Essen yana ƙirga kaɗawar siziyam a Teddington, siginar lokaci ta rediyo tana haɗa su ta saman Tekun Atilantika. Kusan shekara uku suka yi a haka. A 1958 suka bayyana cewa sakan ɗaya daidai yake da kaɗawa 9,192,631,770. A 1967 babban taron awo na duniya karo na 13 ya ɗauki wannan adadi ba tare da sauya ko lamba ɗaya ba, ya mayar da shi ma'anar sakan. Har yau a kansa ake.

Tunda duniya ba ta bin umarnin agogo, daga 1972 aka fara ƙara sakan ɗaya jifa-jifa a ƙarshen watan Yuni ko Disamba, don lokacin agogo ya jira rana. An yi haka sau 27, na ƙarshe a ƙarshen 2016, kuma a 2022 aka yanke shawarar daina wannan ƙari nan da 2035. Lokacin da muke kira GMT a baki, a hakika wannan lokaci ne na ƙwayar zarra da ake kira UTC. Rana tana nan da matsayinta wajen sanin lokutan salla da buɗa-baki, amma mudun da ake auna tafiyarta da shi ya koma hannun siziyam.

An karrama Essen da lambar OBE a 1959, a shekarar kuma Tarayyar Sobiyet ta ba shi lambar zinare ta Popov. A 1960 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya.

Saɓaninsa da Einstein

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Nazariyyar Albert Einstein ta nuna cewa lokaci ba ya tafiya da taku ɗaya a ko'ina: agogon da ke gudu yana latti idan aka gwada shi da na zaune, wanda ke can sama nesa da jan ƙasa kuma yana sauri. Essen bai gamsu da yadda Einstein ya kafa hujjarsa ta 1905 ba. A ganinsa an gina ta ne kan gwaji na tunani, wanda mutumin da bai saba riƙe agogo ba ya tsara. A 1971 ya wallafa ɗan littafi yana sukar nazariyyar. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa an ja masa kunne kan cewa nacewa za ta iya ɓata masa makomar aiki. Ya yi ritaya a 1972, ya ci gaba da rubutu kan batun a mujallun injiniyoyi har ƙarshen shekarun 1980.

Abin mamaki, agogonsa ne ya yanke hukunci. A watan Oktoba na 1971 wasu Amurkawa biyu, Hafele da Keating, suka ɗora agogunan siziyam huɗu a jirgin fasinja suka zagaya duniya ta gabas, suka sake zagayawa ta yamma. Da aka gwada su da waɗanda aka bari a ƙasa, sai bambancin ya bi abin da lissafin Einstein ya hango. Essen bai karɓi sakamakon ba, yana ganin agogunan ba su kai ingancin da za a dogara da su ba. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya da ingantattun agoguna sun rufe ƙofar shakka. Agogunan da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS suna gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren nuna wuri ya riƙa ƙaruwa da kimanin kilomita 10 kullum.

Ni dai ina ganin taurin kan da ya taimake shi a 1946 shi ne ya cuce shi a 1971. A karon farko yana da awo a hannunsa, manya suna da al'ada. A karo na biyu awon yana hannun abokan jayayyarsa.

Leza Ta Karɓi Aikin

Essen ya rasu ranar 24 ga watan Agusta, 1997, saura kwana kaɗan ya cika shekara 89. Bayan 'yan makonni aka ba da kyautar Nobel ta Fiziks ga Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips, saboda gano yadda ake sanyaya ƙwayoyin zarra da hasken leza. Wannan bincike shi ne ya warware babbar matsalar agogon Essen.

Matsalar ita ce zafi, tsohon abokin gabarsa. Ƙwayoyin da ke fitowa daga murhu suna gudun da ya haura mita 100 a sakan, saboda haka lokacin da ake samu a auna su ƙanƙane ne. Leza, wadda aka fara ƙerawa a 1960, haske ne mai launi ɗaya tak. Idan aka haska ƙwayoyin siziyam da ita daga kusurwa shida, sai su rage gudu har su kusa tsayawa, zafinsu ya sauka zuwa 'yan kaso cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi. Daga nan a cilla su sama kimanin mita ɗaya su faɗo da kansu, su ratsa igiyar rediyo a hawa da sauka. A Faris aka fara nuna wannan a 1991. Irin wannan agogo da NPL ta ƙera an kimanta shi a 2011 da kuskuren sakan 1 a shekara miliyan 138. Na Amurka da aka ƙaddamar a 2014 har bututunsa ake sanyayawa zuwa kusan digiri 193 ƙasa da sifiri, domin ɗumin bangon bututu kaɗai yana karkatar da kaɗawar ƙwayar.

To ita ma lezar sai an tsare ta. Ƙaramar lezar da ake amfani da ita a sadarwa, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, launin haskenta yana gusawa da zarar zafi ya motsa. A wayoyin zaren gilashi da ke ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka sauka a Legas, ana cusa launuka da dama a zare ɗaya, kowane launi da saƙonsa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na milimita ba. Gusawar 'yan digiri kaɗan ta isa ta sa wani launi ya shiga gonar maƙwabcinsa. Don haka ake ɗora lezar kan wani ɗan faranti mai sanyayawa ko ɗumamawa da lantarki, da ma'aunin zafi a gefensa, suna gyara ta ba dare ba rana.

A sababbin agoguna masu aiki da haske, irin na sinadarin sitirontiyam mai kaɗawa sau tiriliyan 429 a sakan, leza ce ta maye gurbin kwaz. Ana ɗaure haskenta tsakanin madubai biyu da ke manne a sandar gilashi na musamman ko ta silikon, a wurin da babu iska. Masana a Jamus da Amurka suna ajiye sandar silikon a digiri 149 ƙasa da sifiri, domin a daidai nan ba ta miƙewa ba ta takurewa. Mai karatu zai gane dabarar: ita ce ta zoben Essen ta 1938, an sake mata riga. Waɗannan agoguna sun zarce na siziyam, har taron awo na 2022 ya sa shekarar 2030 a gaba don duba sabuwar ma'anar sakan.

Leza ta kuma kammala ɗaya aikin nasa. A 1972 aka auna gudun haske da ita a Amurka da ingancin da ba a taɓa samu ba, a 1983 kuma aka tsayar da adadin, aka ce mita ita ce tazarar da haske ke ci a wani yanki na sakan. Ta haka awon tsawo ma ya koma ƙarƙashin agogo.

Kammalawa

Haske yana cin mita 300 a kashi 1 cikin miliyan na sakan. Saboda haka duk lokacin da waya ta nuna wa direba titin da yake, ko turakun sadarwa suka miƙa wa juna kira ba tare da ya yanke ba, akwai wani agogon ƙwayar zarra a bayan fage da ke riƙe da takun. Wannan shi ne gadon Louis Essen.

Darasin da nake so 'yan'uwana ɗalibai mu ɗauka bai tsaya ga masu karatun kimiyya ba. Mu ma a nazarin harshe da adabi muna gadon maganganu da dama da ake maimaitawa daga wannan kundi zuwa wancan, ba tare da wani ya koma fili ya saurari masu magana ya tabbatar ba. Essen ya nuna cewa ƙaramin ma'aikaci mai haƙuri da kyakkyawan awo zai iya gyara abin da manya suka daɗe a kai. Ƙarshen rayuwarsa kuma ya nuna cewa wanda ya saba gyara wasu, dole ya bar ƙofa a buɗe don ranar da hujja za ta zo ta gyara shi. A nan zan dasa aya.